Sun Ce a Cire Kogin

Zuwa ga ƙanena Badamasi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajja da 'yarka Mardiyya. Yaya ruwan bana a Auyo? Ni lafiya lau nake a Kano, sai dai ƙafa da ba ta son matakalar ofisoshin 'yan fim.

Labarin Baba da kwalekwalensa da na rubuta, har yanzu bai sami mai saye ba. Shekarar farko suka ce soyayya ake yayi, na sa wa masuncin budurwa. Bara suka ce barkwanci, na sa shi ya faɗa ruwa. Bana wani furodusa ya ba ni kujera, ya ce, "Malam, yanzu fim mai dogon zango ake kallo, na gidan masu hali. Ka cire kogin nan mu karɓa, jarumanmu ba su iya ruwa ba."

Na koma ɗaki na ɗauki biro. Ina rufe ido sai ga fadama ta cika, shinkafa ta nutse zuwa wuya, Baba yana tuƙi a tsaye, ni da kai muna kwarfe ruwa da ƙwarya. Har aka kira la'asar ban soke layi ɗaya ba.

Zan aiko da littafin ta hannun direban Haɗejiya. Mardiyya ta karanta maka a bakin ruwa, ta tsallake budurwar da faɗuwar. In na manta wani abu na Baba, ka faɗa mata ta rubuta a gefe.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Yayanka,
Yunusa