Ni ne injiniyan da ya hana yayana sayen mota

Assalamu alaikum mai shafi, ya aiki, ya jama'a. Don girman Allah ka cire sunana da lambata kafin ka saka wannan, don Daura ba ta da faɗin da mutum zai ɓuya a cikinta. Ku kuma malaman kwament, masu jiran mutum ya yi tuntuɓe ku kafa masa wa'azi, ku bari in kai aya tukuna. Na san ban kyauta ba, ba sai wani mai hoton zaki a shafinsa ya gaya min ba. Shawara na zo nema, ba bulala ba.

Ni ɗan shagon cajin waya gare ni a bakin titi, da wani tsohon janareta mai tari kamar ya sha taba tun zamanin mulkin soja. Boko kuwa ni da shi baram-baram muka rabu tun a sakandare. Amma Allah ya ba ni baki, ya ba ni kwaikwayon murya. In na ji mutum sau ɗaya, to na saye shi.

A unguwarmu akwai wani ɗan Alhaji, bari in kira shi Mubarak, irin yaran nan da ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi ba. Uban ya saya masa motar nan da ake cewa haibirid, mai aiki da mai da kuma batir, wadda in tana tafiya a hankali sauro ma ya fi ta ƙara. Ran nan bayan la'asar na sayo wa Innarmu fura a kwano, ina tafe ta gaban majalisa ina ta tsokanar mutane, ashe ɗan banzan nan ya lallaɓo bayana da motar kamar mage. Sai da ya kusa taɓa min ƙafa sannan ya danna ham. Jama'a ban san lokacin da na yi sama ba. Sai ga ni a cikin kwata, fura a ka, takalmi ɗaya a wancan layin. Ya sauke gilas ya ce, "Yi haƙuri fa, ban san kana tsoron fasaha ba." Tun ranar majalisa suka raɗa min Kwaɗo. Har yara masu tallan awara, "Kwaɗo a ba ka ta nawa?" Ni da nake raba wa mutane suna a unguwar nan!

To a lokacin dama ana ta yawo da wani bidiyo na irin motar tana ci da wuta a wata ƙasa, an kuma ce a rediyo wani kamfani ya kira wasu daga cikin nasa a mayar a duba. Sai shaiɗan ya zauna a kafaɗata ya miƙe ƙafa. Na ja ƙofar shago, na rufa hankici a bakin waya, na toshe hanci ɗaya, na shiga magana a hankali irin ta mutanen da suka ƙoshi. Na ce sunana Injiniya Ɗanlami, shekara da shekaru ina aiki a ƙasar Turawa, kishin 'yan'uwana ne ya sa na yi wannan odiyo. Na ce batirin motar nan ba a yi shi don ranar ƙasar Hausa ba, in zafi ya yi zafi kumbura yake kamar batirin ƙaramar waya, ni kuwa ai wannan na san shi, kullum ina gani a shago. Na ce daga nan sai ya tafasa kamar tukunyar ɗanwake, ƙofofi su kulle kansu, shi ke nan sai dai a zo da tabarma. Sannan a ƙarshe, don kowane mai hankali ya gane wasa ne, na ƙara da cewa duk namijin da ya daɗe yana zama a kan batirin nan, to iyalinsa za su fara kai ƙara gida. Na tura wa wani abokina da layin da ba kowa ya sani ba, na ce ya jefa a guruf ɗin unguwa mu ga idon Mubarak.

Wallahi ban taɓa sanin mutanen garin nan haka suke ba. Wancan na ƙarshen da na saka don a yi dariya, shi suka fi riƙewa! Manya da gemu, masu carbi a hannu, sun kafa kai a waya ɗaya suna gyaɗa kai suna "Allahu Akbar, ka ji masu ilimi." Akwai wani tsohon hedimasta a majalisarmu, wanda ba ya bari a gama zance bai gyara wa mutum Turanci ba, ya buga ƙirji ya ce ai ya san Injiniya Ɗanlami, tare suka yi karatu a Zariya, tun yana yaro haka yake da kaifin ƙwaƙwalwa. Ina zaune a gabansa fa, da furar kwata ba ta gama fita daga hulata ba. Wani mai kawo awaki daga garin Babban Mutum ya rantse da idonsa ya ga irinta ta fashe, har ya faɗi launinta. Ba a yi nisa ba odiyon ya tsallaka iyakar Nijar ta Kongolam ya dawo, an saka masa kiɗan tausayi a ƙasa, an manna hoton wani mai farin gilashi da ban taɓa gani ba, wai shi ne ni. Ranar Juma'a Mubarak ya zo zai faka a gefen masallaci, masu babura suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji, wani dattijo ya ce masa, "Yaro kai ta can bayan gari, mu da iyali muke." Ranar na ci tuwo har da ƙari. Zan yi muku ƙarya ne? Daɗi na ji. Na ce a raina, ku ne masu kiran mutum Kwaɗo, ga shi kwaɗo ya yi kuka ɗaya duk kun faɗa ruwa.

Abin da ban sani ba, wutar da na kunna a layin wasu a ɗakin Innarmu za ta ci.

Ina da wa, Yaya Habu, direba ne, Daura zuwa Kano. Motar wani yake ja tun ina firamare, kuma shi ke ciyar da gidanmu tun da Babanmu ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kazaure. Wannan janaretan nawa ma shi ya saya min, shi ke kwance shi in ya ƙi tashi. Tun da mai ya yi tsada mutumin nan yake aikin banza, ya wuni a hanya, gidan mai su kwashe, mai mota ya kwashe, shi ya dawo da ciwon baya. Ashe ya daɗe yana shiri a ɓoye, kun san halinmu, ba a faɗin abu sai ya tabbata saboda baki. Ya sayar da bijiman da ya turke, ya haɗa da adashensa, wani dillali ya samo masa mota ta kansa. Wace iri? Haibirid. Saboda ba ta shan mai. Ga shi mai motar da yake ja ya riga ya gaya masa ƙarshen wata zai karɓi makulli ya ba wani surukinsa.

Ranar da ya zo gaya wa Inna, ina tsakar gida ina wanke ƙafa. Ya durƙusa yana murmushi, abin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba, ya ce, "Inna a sa mana albarka, Allah ya kusa yanke wahala." Ta ce wace iri ce. Da ya faɗa, sai ta ajiye muciya. Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar wayarta, ashe a gidan suna aka tura mata. Ta danna. Jama'a kun taɓa jin muryarku tana fitowa daga hannun mahaifiyarku tana karanta muku hukunci? Da aka zo wurin ƙofofi su kulle kansu, sai ta kashe wayar. Ta ce, "Habu, na ba hanya mutum ɗaya, ba zan ba ta na biyu ba. In ka sa ƙafarka a motar nan ban yafe ba." Ya ce, "Inna zancen waya ne fa." Ta ce, "Zancen waya? Bawan Allah yana can ƙasar wasu ya tuna da talakawa, kai kana nan ka fi shi sani? Allah dai ya yi wa uwar da ta haife shi albarka." Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Kai kuma Auta da ka tsaya ka yi karatu da yanzu irin wannan kake yi wa al'umma, ba shashanci a bakin titi ba." Na ce amin. Me zan ce?

Kun san Bahaushe da kalmar ban yafe ba. Yaya Habu ko a mafarki ba zai tsallake ta ba. Ya koma ya ce wa dillali a dakata. Dillalin kuwa har ya sauko da farashi saboda kasuwar ta mutu a garin nan, albarkacin wa? Ni. Yanzu ya ce in Yaya bai ɗauka ba zai wuce da ita Kano inda mutane ba su da wannan gidadancin, kuma ya yi rantsuwa duk ranar da ya gano Injiniya Ɗanlami sai sun tsaya gaban alƙali.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na fara bi ta gefe, na ce wa majalisa anya odiyon nan ba ƙarya ba ne? Hedimasta ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Kwaɗo, da wace takardar za ka ja da injiniya?" Ka ji fa. Da bakina na yi ƙarya an ɗauka, da bakin nan dai na zo da gaskiya an ce ban kai ba. Bambancin kawai hankici.

Sai na ce to bari in bincika da gaske, ko motar tana da lafiya ko ba ta da ita. Na ƙone data ina karanta Turancin da ya fi ƙarfin haƙorina. Wasu su ce lafiya lau, ta ma fi mai fetur zalla kwanciyar hankali. Wasu su nuna maka wadda ta ƙone ƙurmus. Zancen kiran wasu a mayar kamfani kuma gaskiya ne, amma waɗanne, na wace shekara, ta Yaya tana ciki ko ba ta ciki, wa zai gaya min? Motar da ta ci duniyarta a hannun wani kafin ta iso nan? Na je wurin wani bakanike na tambaye shi, ya ce shi ba ya taɓa ta, wutar cikinta kisa take. Na ce a ina ka ji? Ya ciro waya zai kunna min odiyona. Na ce bar shi, na gode. Wani kuma ya ce min a Kano akwai masu duba batirin da na'ura su gaya maka gaskiyarsa, amma shi ma ji ya yi. Garin nan kaf kowa ji ya yi, kuma in ka bi jin nan daki-daki sai ka tarar a shagona ya ƙare.

Jiya da rana Yaya Habu ya zo shago. Bai saba zama ba, amma ya ja benci ya zauna. Janareta na ta tarinsa. Ya ciro waya ya kunna odiyon, ya kara a kunne, ya daɗe, sannan ya juya ya zuba wa janaretan ido. Ya ce, "Ikon Allah. Injiniya guda a ƙasar Turawa, amma injin da ke kuka a bayansa tarinsu ɗaya da naka. Har inda yake shaƙewa ya dawo." Na yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba na ce, "Ai Yaya duk kamfani ɗaya ne." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na sake yi wa Inna magana. Ta ce in injiniyan nan ya faɗa da bakinsa cewa akwai wadda ba ta da hatsari, za ta janye. Ta ce kai ne ɗan waya a gidan, ka nemo shi." Ya miƙe ya kakkaɓe riga, har ya kai ƙofa ya ce, "Na san ba zai yi maka wuyar samu ba, Auta." Bai zage ni ba. Wallahi da ma marina ya yi.

Yanzu hankicin nan yana aljihuna. Ina iya jan ƙofa in dawo da Injiniya Ɗanlami, in ce sabon bincike ya nuna lafiya lau, kafin magariba garin nan sun juya kamar tumaki, har hedimasta ya ce ai dama abokinsa ya kira shi ya gaya masa. Inna ta sa albarka, Yaya ya karɓi makulli. To in ya hau hanyar Kazaure wani abu ya same shi fa? Ni da ban san komai a kan motar nan ba, wancan karon na ce kisa take, wannan karon in ce ba ta kisa, duk da hanci a toshe? In kuma na durƙusa gaban Inna na ce ni ne, na san kallona kawai za ta yi, ta tuna da wane ciwo na yi wasa. Kuma ko na faɗa, anya za ta yarda da ni a kan injiniya? In na yi shiru, ƙarshen wata yana zuwa, a karɓe makulli, mota ta tafi Kano, mutumin da ya ciyar da ni ya zauna a gida saboda an kira ni Kwaɗo.

Masu zagi bismillah, fili naku ne, na san da yawanku ma kun tura odiyon nan gidajenku har da "a taimaka a yaɗa". Amma in akwai direba ko bakanike na gaske a shafin nan, wanda ya taɓa motar nan da hannunsa ba da kunnensa ba, don Allah ya yi magana. Gobe Yaya Habu zai biyo ta shago in ya dawo daga Kano. Me zan yi?