Tayoyin Mota ta Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Alhamdu lillahi, ba na cikin waɗanda za a tura. Takarda ta zo daga hedkwata, wai rundunarmu ta ba rundunar tsallaken kogi aron motoci huɗu da sojoji talatin na wata guda. Manjo ya ce, "Saje, gareji a hannunka yake, zaɓo musu masu lafiya." Na ƙame na ce to, Oga.

Masu lafiya fa! Kowane makaniken soja ya san yadda ake ba da aro: ka kwance sababbin tayoyi ka kulle a sito, ka ɗaura tsofaffi. Bara da suka ara mana mota, da mataccen batir ta zo. Mota ta huɗu na ɗaura mata waɗanda suka suɗe tas.

Laraba, 5 ga Maris

Sun tashi da safe. Ina tsaye bakin gareji sai ga Auta yana ɗaga min hannu daga sitiyarin mota ta huɗu. Ƙanena, ciki ɗaya. Ashe direbanta zazzaɓi ya kayar, aka sa shi. Kafin in buɗe baki sun fice. Ga wani mugun gangaren dutse a hanyarsu, ga ruwa ana yi. Inna lillahi.

Alhamis, 6 ga Maris

Inna ta bugo waya. "Hankalina kwance, ai yayansa ne ya duba motar." Na kasa cin abinci.

Asabar, 8 ga Maris

Sun isa! Dukansu, ba ko ƙwarzane. Auta ya kira yana dariya, ɗan banza. Taya ta fashe musu a shimfiɗaɗɗiyar hanya tun kafin gangaren. Sajen garejin waccan rundunar ya zo da motar ja, ya duba sauran tayoyin, ya hana su motsawa sai da ya sauya duka shida da sababbi daga sitonsa. Wai ya ce, "Ka gai da Sajenku, na gane hannunsa. Ni ma a da haka nake yi."

"Yaya, me yake nufi?"

Na ce zolaya ce irin ta makanikai. Ina ajiye wayar na zauna kan galan na yi kuka, sannan na ci kwano biyu.

Talata, 18 ga Maris

Wata takardar: asibitin waccan rundunar na filin daga yana son aron janareta. Muna da biyu. Na sa aka loda sabon. Kofur ya tsaya yana kallona baki buɗe, na ce tsohon nauyi gare shi, bayana ba zai ɗauka ba. Na haɗa musu da sababbin tayoyin nan shida da na kwance wa mota ta huɗu. Dama sun tare min wuri a sito.