Kwas ɗin Rabi da kalmar jin daɗi

Makoda, daren Laraba

Yau na kai wa Baba bayanin kwas biyun da na tace wa ƙanwata Rabi. Ɗaya jinyar masu taɓin hankali ne, shekara uku, ga kuɗin ɗakin kwana. Ɗayan shekara biyu ne, ya fi araha, kuma daga gidan Gwaggo a Rijiyar Zaki za ta riƙa zuwa. Shi take so.

Kuskuren nawa ne. Da Baba ya tambayi sunan na biyun, sai na fassara masa yadda muke rubutawa a jarida: aikin jin daɗin jama'a.

Ya ce, "Jin daɗi? Gyaɗata zan sayar ta tafi birni koyon jin daɗi? Ai ko a nan ta iya."

Na kawo zancen marayu da sasanta ma'aurata, bai saurara ba. Wai gara na farkon, ko ba komai ya san ciwo ne. Gyaɗar bana kuwa ba za ta biya wannan ba.

Na daɗe ina rubuta kalmar nan, ban taɓa jin ta da kunnen manomi ba.

Da Rabi ta zo kwashe kwanuka, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Yaya, da ka bar masa shi da Turanci."