Tafiyar Mama

Laraba, da dare.

Yau 'yata Rahila ta mayar da ni ɗan aji ɗaya. An ba su aiki a makaranta kan yadda aka ƙirƙiro kyamarar fim. Wai hotuna aka jera, ana wuce da su da sauri har ido ya rantse motsi ya gani. Na ce, "Ashe shekara arba'in ana yi mini wayo ina tafa hannu."

Na faki idonta na ɗauko hotunan marigayiya Mama guda huɗu, na riƙa karkaɗa su da yatsa. Ko gezau. A zamaninsu in mai hoto ya zo coci sai a ƙame, hannu bisa gwiwa. Duk zama ɗaya ne, zane kawai ya canja.

Rahila ta kama ni, ta ce da Turancinta, "Baba, yaya Kaka take tafiya?"

Na miƙe tsakiyar falo. Sai ga hanyar rafi a idona, rana ta yi ja, ga Mama da tulu a kanta, tana ɗan jan ƙafa ɗaya. Wacce? Na ja ta hagu, Rahila tana ɗauka a waya tana dariya.

Na kalla sau biyar yanzu. Ina jin ta dama ce.