Buhun Ammu Lemuel

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024
Kafili, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ba da aro na ga 'yan fim, sai ka ce amalanke. Fim suke yi a kan 'yan dakon tashar jiragen ruwa na zamanin Baba, wai ni zan koya wa ɗan wasansu waƙar dako. Na ce wa matata Sadiyya aikin banza ne. Ta ce in je in yi banzar, bayana ya huta.

Litinin, 5 ga Fabrairu
Na ga mutumin. Lemuel Tate, Ba'amurke, baƙi kamarmu, shekara saba'in ba ɗaya. Ammu nake ce masa, wato baffa da Larabci. Turancina na tasha ne, amma muna lallaɓawa. A coci ya fara waƙa yana ɗan shekara shida. Shekara arba'in yana wasa a dandalin New York da finafinai, kullum shi ne direba, ko mai gadi, ko abokin jarumi. Shekara uku ke nan da aka yi masa aiki a maƙogwaro, tun daga nan ba wanda ya neme shi sai waɗannan. Wannan ne karon farko da sunansa zai hau sama.
Yana da kirki. Ban so ya zama mai kirki ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu
Kalmomin ya haddace su tsaf. Rerawar ce matsala. Ƙirji a buɗe, yana jan murya kamar ladan. Da mahaifina Baba Hussaini na raye, da ya tambaya ko bikin wa ake yi.

Lahadi, 11 ga Fabrairu
Wejdan, mai ba da umarni, ta ja ni gefe. "Ammu Nuraddeen, in bai daidaita ba zuwa Alhamis, halas, shi ke nan, muryarka za mu ɗora a bakinsa."
Astagfirullah, na ji daɗi. Waƙar ubana ce fa. A Bur Sudan ya koyo ta, ya ƙetaro da ita, ya yi shekara talatin yana sauke kayan alhazai da ita. Don me baƙo zai kai ta duniya ina zaune?

Litinin, 12 ga Fabrairu
Na gano abin. Na ɗaga buhun da suke ɗora masa, ashe soso suka cusa a ciki. To ina waƙa za ta fito? Waƙar dako nauyi ne ke yanka ta. Ka ce "ɗauka", numfashi ya ƙare, ka yi taki biyu, sannan ka iya cewa "mu kai". Wanda bai ji nauyi a wuya ba, ba zai san inda ake tsayawa ba.
Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 13 ga Fabrairu
Yau ma na yi shiru.

Laraba, 14 ga Fabrairu
Ashe Ammu ya san maganar ɗora muryata. Ya kira ni shan shayi, ya ce, "In muryarka ce, ka rera da kyau, ni zan motsa baki." Ya ce yana saurayi shi ma an ɗora muryarsa a bakin wani jarumi, ba a ko rubuta sunansa ba. Shekara talatin ana yabon mutumin da muryar da ba tasa ba. Yana faɗa yana dariya.
Kunya ta kama ni. Bayan la'asar na wuce unguwar Nuzla, shagon wani Othman, na aro rabin buhun shinkafa.

Alhamis, 15 ga Fabrairu
Na kawo buhun, na ce a ɗora masa maimakon na soso. Wejdan ta ce a'a, tsoho ne, bayansa fa? Ammu ya ce "yalla", wato mu je, duk Larabcin da ya koya ke nan. Ni na ɗora masa da hannuna, kilo ashirin da biyar. Gwiwarsa ta ɗan lanƙwasa da nauyin.
Ya tako. Muryar nan da yake ɓoyewa ta fito a shaƙe, ta katse daidai inda ta Baba ke katsewa. Dattawan unguwar Madain Fahd da aka kwaso don cika wuri suka ɗauki amshi, ba wanda ya sa su. Ni dai na juya ina kallon teku.
Wejdan ta ce halas, muryarsa za a bari.
A gida Sadiyya ta ce, "To ina taka muryar?" Na ce tana nan inda na bar ta. Na ji zafi, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ci abinci sosai.

Asabar, 24 ga Fabrairu
Ammu ya koma ƙasarsu jiya. Ya ce shinkafa ta haramta gare shi har abada.
Wejdan ta turo saƙo, wai wasu masu wasan dandali a Balad, tsohon gari, suna neman dattijo mai waƙa da Hausa, gwaji ranar Juma'a. Ban amsa ba. Ni da shekara hamsin da biyu, a kan me?
Na dai ce wa Sadiyya ta daina sa min ƙanƙara a ruwa. Ta tambayi dalili, na ce haƙori ne, ban ce murya ba.