Juma'a takwas ina guje wa askar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, wallahi na gaji.

Ni ɗan gidan wanzamai ne a wani ƙauye kusa da Moriki, Baba shi ne sarkin askar garinmu. Shi ya yi mini kaciya shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, tun daga nan kuma kowace Juma'a shi ke aske mini kai a zaure kafin masallaci, da askar da ya gada wurin kakanmu. Yanzu 'ya'yana biyu amma har yau haka nake durƙusawa gabansa. Da ni yake farawa, sannan mutanen unguwa su biyo baya.

Wata biyu da suka wuce na je asibitin Kaura ba ƙanwata jini za ta haihu, aka gwada aka ce ba za a ɗiba ba, ina da ciwon hanta na C kuma ya daɗe a jikina. Ni ban ma san ciwon hanta kala-kala ne ba. Likitar ta ce na B bai kama ni ba tukuna, amma in ya haɗu da C hantar za ta sha wuya, don haka in yi rigakafin B, allura uku. Na yi biyu, ta ukun sai nan da wata huɗu, ga hanyar nan tamu da kowa ya san halin da take ciki. Da ta ji sana'ar gidanmu sai ta ajiye biro. Ta ce askar da ke yawo kan mutane za ta iya kawo mini B kafin in gama allurar, kuma ko na gama, jinina zai iya kai C kan wanda aka aske bayana.

To tun ranar nake ƙarya. Yau ciwon kai, wata Juma'ar ƙuraje, wata in tsiri tafiya Shinkafi ba gaira ba dalili. Suma ta taru har hula ba ta zama. Na sayo kwalin reza na kai mashi, ya ture da ƙafa, wai shi bai zama mai askin tasha ba. Abin da ya fi ci mini rai, ashe ya ɗauka tsufansa nake gudu. Inna ta ce ya tambaye ta ko na ce hannunsa na rawa. Shekaranjiya ina zaune ya ɗauko allura da zare ya zura a gabana, ya miƙo mini. Na rasa inda zan sa kaina.

Za ku ce in faɗa mashi gaskiya, nima na sani. Amma a garinmu da an ji ciwo na jini ne, fasiƙanci ake kawowa, ko matata da aka gwada ba ta da shi ba za ta tsira daga baki ba. Baba kuma ba ya ɓoye abu, tsoron Allah zai sa ya faɗa a zaure, shi ke nan an ce gidan wanzamai ke raba ciwo. Wanda ya fi duka, ya san ba a taɓa ƙara mini jini ba, kuma babu askar da ta taɓa kaina sai tasa. Ba sai na faɗa ba, shi zai gane.

In na yi shiru kuma, mutane na nan suna zama a tabarmar nan duk Juma'a, ban san wa ke ɗauke da me ba.

Jiya ya aiko Inna ta gaya mini, Juma'ar nan in ban zauna ba zai naɗe askar ya maida zabira, ba zai sake taɓa kan kowa ba. Ta ce tun safe yake wasa askar.

Jama'a ya zan yi? In bar shi ya ajiye aska yana ganin na raina hannunsa, ko in faɗa mashi abin da hannun nan ya yi mini?