Kabon Mai Hannu Biyar

Glasgow, 9 ga Nuwamba

Ɗalibina Munir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Tudun Wada. Yaya jikin mahaifiyarka? An gama yankan shinkafa?

Ni lafiya ƙalau. 'Yata Zubaida, wadda nake zaune a gidanta a nan ƙasar Birtaniya, tana kula da ni matuƙa, sai dai tun safe take fita aiki.

Ka nemi in zaɓa wa ɗaliban kwalejinku manhajar kimistiri ɗaya cikin ukun da ka turo. Kowacce na ba ta mako guda. Ta farko ba ta aiki sai da intanet, don haka ajiye ta. A sauran biyun na zana sinadarin kabon mai hannu biyar da gangan, alhali huɗu gare shi, kuskuren da kai ma ka yi a aji uku, lokacin da muke ƙera siffofin sinadarai da yumɓu da tsinken tsintsiya. Ta biyu ta goge hannu ɗaya, ba ta ce komai ba. Ta uku ta ja jan layi, ta jira in gyara da kaina. Ita za ka ɗauka. Wanda ake yi wa gyara shiru ba ya koyo, ba ya kuma jin daɗi. A nan ko maɓallin riga na saɓa, haka ake gyara mini.

Cikin wata bakwai da zuwana nan, kai ne farkon wanda ya tambaye ni wani abu ban da ko na ci abinci. Idan ɗaliban sun yi aikin farko, turo mini in duba. Na taho da jan birona.

Allah ya yi maka albarka.

Malaminka,
Shitu Yako